Farar Allura a Wuyan Kibiya

Likita ta durƙusa a gefen dokin ta ɗora tafin hannunta a kan ƙafarsa ta gaba ta hagu. Zafi rau, kamar ta taɓa murfin tukunya. Kumburin ya taso tun daga saman kofato har gwiwa, in ta danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya ƙi dawowa. Dokin ya ja numfashi, ya ɗaga ƙafar, ya sake ajiye ta a hankali kamar mai tsoron ƙasa.

"Yaushe ya ji ciwon?" ta tambaya, ba ta ɗago kai ba.

"Yau kwana biyar ke nan," in ji mutumin da ke riƙe da ragama. "Waya ce ta karce shi a wajen atisaye. Ɗan abu ne fa, ko jinin kirki bai yi ba."

Dogo ake ce masa, shi ne shugaban barga. Tun daga ƙofa ta gane shi, duk da furfurar da ta cinye masa gemu da ɗan ranƙwafawar da ya yi. Shi kuwa ya gaishe ta irin gaisuwar da ake yi wa baƙo, ya karɓi akwatinta, ya shige gaba yana nuna mata hanya. Ta bar shi ya nuna. A ɗakunan ma'aikata da ke bayan bargar nan aka haife ta. Ta san inda famfo yake, ta san wace ƙofa ce sai an ɗan ɗaga ta kafin ta buɗu.

Da safiyar nan aka bugo waya asibitin dabbobin da take aiki. Babban likitansu, wanda ya saba duba dawakin gidan, ya yi tafiya, sai akawu ta karanto adireshin da ƙarfi tana tambayar wa zai je. Likita tana cikin wanke hannu ta ji sunan titin. Ta kashe famfo ta ce ita za ta je. Ta buɗe firij ta ɗebi magungunan da ya kamata, sannan ta tsaya, ta miƙa hannu can ciki ta ɗauko wata kwalba ta daban mai farin ruwa kamar madara, ta tura ta ƙarƙashin ƙanƙarar da ke cikin akwatinta.

Penisilin ne, amma irin wanda ake haɗawa da furoken, wani sinadari mai kashe zafi. Amfanin haɗin shi ne in an soka shi a tsoka ba ya watsewa nan take. Sai ya zauna a wurin ya yi gida, yana tsiyaya cikin jini kaɗan-kaɗan. Penisilin ɗin ƙoda ke tace shi ya bi fitsari, kwana ɗaya ko biyu a neme shi a rasa. Furoken ɗin ne mai naci. Jini yana farfasa shi, wurin allurar yana sako wani, har a yi makonni ana ganin sawunsa a fitsarin doki. A filin sukuwa kuwa haramtacce ne, don da shi ake ɓoye ciwo doki ya yi gudu a kan rauninsa. Kuma duk dokin da ya shigo cikin ukun farko sai an ɗebi fitsarinsa.

Yau Talata. Ranar Asabar za a yi tseren babban kofi, kowa kuma ya san Kibiya, wannan baƙin ingarman da take durƙushe a gabansa, shi ake sa ran zai ɗauka. Allura ɗaya ta ishe ta.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce mahaifinta ne shugaban bargar nan, Dogo yana ƙarƙashinsa. A shekarar wani dokin gidan mai suna Tauraro ya ci kofin. Ana cikin murna sakamakon fitsari ya fito da sawun haramtaccen magani, kwamitin filin sukuwa ya zauna. Baba ya ce shi bai ba dokin komai ba, abin da ya sani shi ne Maigida, mai dawakin, da kansa ya yi masa wata farar allura saboda tari, mako biyu kafin tseren. Maigida ya miƙe ya rantse cewa tun da yake bai taɓa riƙe sirinji ba. Aka juya kan Dogo, wanda shi ya riƙe kan dokin ranar. Dogo ya ce shi bai ga komai ba.

Aka hana Baba shiga filin sukuwa har ƙarshen rayuwarsa, aka ba su kwana uku su kwashe kayansu. Har yanzu tana iya ganin katifarsu a saman motar ɗaukar kaya, da Mama riƙe da agogon bango a cinya, da matan ma'aikata suna leƙe ta taga babu wadda ta fito. Baba ya koma gadi a wani sito na tayil. A sabuwar unguwa ba a yi wata guda ba aka fara kiran ƙannenta 'ya'yan mai allura.

Abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba shi ne ita ma ta yi shakkarsa. Shekara shida tana kallonsa yana ɗaura takalmin gadi tana tambayar kanta ko ya aikata. Sai a shekararta ta uku a makarantar likitan dabbobi wani malami ya zana layi biyu a allo. Ɗaya ya faɗo ƙasa da sauri, ɗaya ya miƙe yana jan ƙafa har bakin allon. Ya ce wannan penisilin, wannan furoken, kada wanda ya kuskura ya yi wa dokin tsere wannan allurar. 'Yan aji suna ta rubutu. Ita ta fita ta tsaya a bayan ɗakin karatu ta yi kuka har ya ishe ta. Daga ranar ba ta sake kuka a kan maganar ba, jira ta koma yi.

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa. Ta auna zafin jikin dokin, ya haura. Ta saurari zuciyarsa da cikinsa. Sannan ta buɗe akwatin ta ture ƙanƙara, yatsunta suka taɓa farar kwalbar. Ta matso ta shafa wuyan Kibiya tana neman inda za ta soka, tana yi masa wani ɗan fito mai sanyi don ya natsu, sai dokin ya zabura ya janye wuya.

Ta sake taɓawa a hankali. Ƙarƙashin gashin akwai ƙulli mai tauri, girman ƙwai. Gaba kaɗan akwai wani. Ta zagaya ɗaya gefen ta sami na uku, gashin wurin ya manne da wani busasshen abu fari.

"Wa ya yi masa allura?"

Dogo ya dubi ƙofa. "Babu."

"To sauro ne ya cije shi ke nan. Malam, in na ɗora magani a kan maganin da ban sani ba dokin nan ya faɗi, ni da kai za a tambaya."

Ya murza ragama a hannu. Can ya ɗaure ta a jikin ƙarfe, ya je bayan buhunan dusa ya dawo da kwalba. Irin tata ce sak, sai dai wannan ta yi rabi, ta kuma yi ɗumi don ba a firij take kwana ba.

"Maigida ne. Asabar, Lahadi, da jiya. Da hannunsa. Ni dai riƙe kai ne nawa."

Ta jujjuya kwalbar. Wani abu ya taso mata kamar dariya, ta haɗiye shi. Ta ƙetaro gari da makami a cikin ƙanƙara, ashe mutumin ya riga ya soka wa kansa, har sau uku. Ta mayar da ƙanƙarar kan tata kwalbar.

"Ka rubuta a littafin barga?"

"Ya ce kada in rubuta."

"Wa ke sa hannu a littafin?"

"Ni."

Ta gyaɗa kai. Hakan ma ya yi mata. In an kama, Maigida zai rasa kofi da mutunci, Dogo kuma zai ɗanɗani abin da Baba ya ɗanɗana. Ta laluba zuciyarta ko za ta sami ɗan tausayinsa, ba ta samu ba.

Aikin kuwa ta yi shi yadda ya kamata, don dokin bai yi mata komai ba. Ta aske gashin da ke kewaye da ciwon, ta wanke, ta matse ruwan da ya taru. Maganin Maigida bai yi wa ƙwayoyin cutar komai ba. Ya yi kaɗan ga doki mai wannan nauyi, sau ɗaya a rana maimakon sau biyu, ga shi tsokar ta kumbura ta riƙe shi. Ta zuƙi jentamisin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sirinji, ta danne jijiyar wuya da babban yatsa har ta taso kamar igiya, ta soka, jini ya leƙo, ta tura a hankali.

"Wannan ba ya zama wuri ɗaya," ta ce wa Dogo. "Kafin ka kai bokitin nan famfo ka dawo ya zagaye jikinsa. Nan da awa guda ya isa cikin kumburin. Ƙoda ce ke fitar da shi, kuma yana wahalar da ita, saboda haka kada bokitinsa ya bushe. In ka ga ya rage shan ruwa ko fitsari ka kira ni. Gobe da safe zan dawo in ƙara masa."

Tana cikin naɗe ƙafar da bandeji ta jiyo muryar Maigida. Shekaru ba su rage ta da komai ba, murya ce ta mutumin da bai taɓa jiran wani ya gama magana ba. Ya shigo da abokai biyu a bayansa, ƙamshin turarensa ya danne warin barga. Ya yi ƙiba, yana dogara wata sanda mai kan azurfa wadda ba ya bukata.

"Ina babban likitan? Ke suka turo?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ya yi tafiya."

Ya dube ta sama da ƙasa. Ta tsaya ta bar shi ya duba da kyau. Ta sha riƙe masa bulala a wannan tsakar gida tana ƙarama, ta sha a aike ta ta kira masa Baba. Babu abin da ya motsa a fuskarsa.

"To, yaya yarona?"

Ta ɗauko takardar aikinta mai kwafi a ƙasa, ta sassauta murya. "Na ga an riga an fara masa magani, kuma wanda ya yi allurar ya san wurin sokawa. Na tambayi Malam Dogo ya ce ba shi ba ne."

"Dogo? Dogo ko kaza ba zai iya yi wa allura ba." Abokan suka yi dariya. "Ni na yi."

"Ai na ce. To ranka ya daɗe, ƙa'idarmu ce wanda ya ba da magani shi ke rubuta mana sunansa da yawansa da rana, don mu san abin da za mu ɗora a kai. In ba damuwa."

Babu wata ƙa'ida irin wannan a asibitinsu. Ya miƙa wa ɗaya abokin sandarsa, ya zaro alƙalami, ya sa Dogo ya riƙe masa kwalbar yana kwafe sunan harafi-harafi. Ya rubuta ranakun uku. Ya sa hannu, wani ƙaton sa hannu mai jela da ya ci rabin layin ƙasa.

"Shekara talatin ina wannan," ya ce yana mayar da alƙalami aljihu. "Ku likitoci ku zo da jaka ku tsorata mutum, shi ke nan aikinku. Kun tuna Tauraro? Tari ya kama shi saura mako biyu kofi. Wannan farar allurar na yi masa da hannuna, ya tashi ya zo na ɗaya."

"Ba shi ne aka ƙwace wa kofin ba?" in ji abokin da ke riƙe da sanda.

"Wannan dabam. Wani macuci ne da nake da shi a barga ya ɗura masa wani abu a ɓoye. Na kore shi."

Ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi. Ta dubi Dogo, Dogo yana duban kofaton doki. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda Maigida ya faɗi maganar hankali kwance. A ganinsa ba ƙarya yake yi ba. Ya rantse a gaban kwamiti don ya tsira, sannan ya zauna ya yarda da sauran labarin. Har yau bai san da hannunsa ya rusa musu gida ba, bai kuma taɓa damuwa ya sani ba.

Ta karɓi takardar ta duba sa hannun. Yanzu saura abu ɗaya, dokin ya yi gudu. In ta yi shiru za a ce ta sani ta ɓoye. In ta ja shi gefe ta yi masa bayani cikin ladabi, yana iya ji. Ta san mutumin, ta girma tana jin yadda ake lallaɓa shi. Sai ta ɗaga murya yadda abokan za su ji, har da masu share barga.

"Ranka ya daɗe, allurar nan da ka yi kuskure ce babba. Wanda ya san doki ba ya yi wa dokin tsere ita. Kibiya ba zai yi gudu ranar Asabar ba. Na hana."

Bargar ta yi tsit, sai ƙarar wani doki yana tauna a ɗakin gaba.

"Kin hana," ya maimaita.

"Na hana. Akwai furoken a cikinta, zai fito a fitsari."

"Yarinya, penisilin kwana biyu yake yi a jiki. Tun ba a haife ki ba na san wannan."

"Penisilin ɗin zai fita. Abokin tafiyarsa yana nan kwance a wuyansa wuri uku, ko wata guda aka yi ana iya ganinsa. Ƙafar ma kumburin zai sauka kafin Juma'a, amma cikinta bai warke ba."

Duk gaskiya ce, babu kalma ɗaya da za a kama ta da ita. Ta zauna a kan buhu ta rubuta gargaɗin a ƙarƙashin sa hannunsa, ta sa nata, ta yage kwafin ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya nuna Dogo da haɓa.

"Ke dai ki sauke min kumburin, shi aka kira ki ki yi. Ranar Asabar ki zo filin, zan sa a ajiye miki kujera a rumfata, ki ga yadda ake hana ni."

Ya karɓi sandarsa ya fita, abokan suka bi shi.

Dogo ya ɗauko mata akwati har mota. Ya sa a baya ya rufe, amma bai tafi ba. Ya tsaya yana goge hannu a wando.

"Yaya jikin Babanku?"

Ta tsaya da makulli a hannu.

"Fiton nan da kika yi wa doki," ya ce. "Mutum ɗaya na sani yana yin sa haka."

"Yana nan. Gadi yake har bara, ido ya hana shi."

Dogo ya sunkuyar da kai. "'Ya'ya huɗu gare ni a lokacin. Ƙaramar tana goye."

"Mu biyar ne."

Dogo ya nuna aljihunta da ido. "Takardar nan, in abin ya fito, za ki nuna musu ita?"

Ta shiga mota ta rufe ƙofa, ta sauke gilashi. "Ban sani ba tukuna, Malam Dogo. Wataƙila in ce ban ga komai ba."

Sauran yinin ta yi shi kamar ba ƙafarta ke taka ƙasa ba. Ta ɗinke wani kare da mota ta buge, ta cire wa wata saniya mahaifa, akawu har ta tambaye ta ko albishir aka yi mata. Duk bayan ɗan lokaci sai ta taɓa aljihu ta ji takardar. Ta tsara komai daki-daki. Ranar Asabar za ta je ta zauna a kujerar da ya ce, ta tafa masa. Zai ɗaga kofi a ɗauke shi hoto. Bayan kwana goma sakamako zai fito, kwamiti ya zauna, ya miƙe ya rantse kamar yadda ya saba. Ba za ta katse shi ba. Za ta bar shi ya kai ƙarshen rantsuwar ya zauna, Dogo ya gama zufa, sannan ta taso daga kujerar baya.

Da yamma ta biya gidansu. Baba yana zaune a kan benci a tsakar gida yana gyara ƙafar wata kujera da waya, da laluben hannu yake yi fiye da ido. Mama tana gefe tana yanka albasa. Bayan gaisuwa Likita ta jawo kujera ta zauna a gabansa.

"Baba, yau na je tsohon gidanmu."

Hannunsa ya tsaya. Ta kwashe labari ta gaya musu, tun daga ƙullin da ta samu a wuyan doki har maganar Tauraro. Farar kwalbar da ta tafi da ita ce kawai ta tsallake. Ta karanta musu takardar da ƙarfi. Baba ya miƙo hannu, ta ba shi, ya kai ta daf da hanci yana bin layin ƙasa da yatsa.

"Hannunsa ne," ya ce. "Jelar nan ba ta canja ba."

Mama ta daina yanka, idonta ya yi ja, kuma ba albasar ba ce kaɗai. "Ki bar shi ya ci," ta ce. "Ya ɗaga kofin sama kowa ya gani. Ni ki samo min jaridar ranar da za a ƙwace, in liƙa a bangon nan."

"Haka na shirya, Mama."

Baba ya ninke takardar a hankali ya ɗora a gwiwarsa. Ta jira ya yi murmushi, ko ya ɗaga hannu ya yi godiya ga Allah.

"Wace ƙafa ce?" ya tambaya.

"Ta gaba, hagu."

"Kumburin ya wuce gwiwa?"

"Ya dai kai. Na sa masa magani ta jijiya, zai sauka."

"Zai sauka a ido." Ya sosa gemu. "Filin nan hagu ake juyawa. A kwanar ƙarshe duk nauyin doki a kan wannan ƙafar yake sauka, ga wasu goma a bayansa ba mai iya tsayawa. Wa zai hau shi?"

Ba ta tambaya ba. Tun safe take lissafin kowa, ko sau ɗaya mahayin bai faɗo mata a rai ba.

"Ni na gaya masa gaskiya, Baba. A gaban shaidu na ce kada dokin ya yi gudu. Na rubuta."

"Kin gaya masa yadda ba zai ji ba. A bakina kika san halinsa."

"Shekara goma sha huɗu fa."

"Na san yawansu, ni na yi su."

Ta miƙe tsaye, ta kai bakin ƙofa ta dawo. Muryarta ta fara rawa, abin da ba ta yi ba a gaban Maigida. "In na kai takardar nan gobe, ka san abin da za su yi? Su cire dokin daga tseren, su ja masa kunne, shi ke nan. Ba kofi, ba rantsuwa, ba kunya. Ya koma gida ya sa turarensa. Macuci fa ya kira ka, Baba, yau ɗin nan, a gabana."

"Ki ji min mutumin nan," in ji Mama. "An kawo masa abu har gida yana zancen ƙafar doki."

Baba ya ɗauki wayar da yake gyara da ita ya ci gaba da naɗawa a ƙafar kujera, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Likita ta tsaya tana kallon hannuwansa. Ta tuna zafin da ta ji a tafin hannunta da safe, da yadda dokin ya ajiye ƙafar. Ta yi ƙoƙarin komawa kan hoton da ta yini tana kallo, Maigida a tsaye hannu a sama yana rantsuwa, sai kwanar filin ta riƙa shigo mata ciki. Haushi ya kama ta, na Baba, na dokin, har da na mahayin da ko sunansa ba ta sani ba.

"Ƙarfe nawa suke buɗe ofishin kwamitin yanzu?" in ji Baba. "A da dai ƙarfe tara ne."

"Ban ce zan kai ba."

"Ban ce kin ce ba."

Ta koma ta zauna. Ta ɗauki takardar daga gwiwarsa ta buɗe, ta sake duba sa hannun, ta daɗe tana dubawa.

"Sai na fara zuwa na yi wa dokin allurarsa," ta ce daga ƙarshe. "Ƙarfe goma."

"To ki biyo ta nan ki ɗauke ni."

"An hana ka shiga, Baba."

"Fili aka hana ni, ba a ce ofis ba." Ya ajiye kujerar a ƙasa ya girgiza ta ya ji ta tsaya. "In kin je bargar ki ce wa Dogo ina gaishe shi, kuma ina jiransa a can. Jiya da shekaranjiya ai ya ga abin da ya gani, yau kuma ya ji abin da ya ji. Zan tsaya kusa da ke su gama karanta takardar. In sun gama, ina da tambaya guda ɗaya da zan yi musu a kan Tauraro."

Ya faɗi haka ba tare da ya ɗaga murya ba, amma ta ga jijiyar gefen kansa tana harbawa. Ya juya wajen Mama.

"Ki fito min da rigar nan a goge."

"Wace riga?"

"Wadda na sa ranar da suka zauna a kaina. Tana can ƙasan akwati. Ina so in ga ko har yanzu tana shiga ta."

Mama ta dube shi, ta dubi 'yarta. Ta ajiye wuƙar ta goge hannu ta shiga ɗaki. Suna zaune suka ji tana jawo akwatin daga ƙarƙashin gado.